MASU TARA BINDIGAR ISKA: KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A Fagge da Sabon Gari akwai waɗansu mutane, ba su da yawa, waɗanda kiwon da ya karɓe su shi ne tara bindigar iska, watau irin bindigar nan da ba ta cin albarushi, sai dai a karya ta a ɗana, a sa mata 'yar ƙwayar dalma, iskar da aka matse ta tura ta waje. Jama'a sukan yi musu kuɗin goro, wani ya ce wasan yara ne, wani kuwa ya ce alamar mugun nufi ce. Mu a ganinmu duka biyun kuskure ne. Mutanen nan iri-iri ne, kuma sai an rarrabe su tukuna za a san wanda ya kamata a taimaka wa da wanda ya kamata a ja wa kunne.

Bari mu fara da cewa sha'awar bindiga ta daɗe a ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an kawo bindigogi daga Nufe, kuma Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Har yanzu in ana hawan salla amon adakarsu ne ke sanar da gari sarki ya fito. Ita kuwa bindigar iska kayan Turai ce, kuma ba abin mamaki ba ne a same ta a unguwannin nan biyu. Fagge tun asali zangon ayarin Azbinawa ne a bayan ganuwa, Sabon Gari kuwa ya kafu ne bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Duk wani baƙon kaya nan yake fara sauke jaka kafin ya shiga Birni.

Na farko a cikin masu tarawa shi ne magaji. Wannan bai sayi kome ba, a kayan gado ya tarar da ita, ta uba ce ko ta kaka, tsohon akawu ko ma'aikacin reluwe. Bai taɓa harba ta ba, ba ya kuma sha'awa, amma ko nawa ka taya ba zai sallama ba, domin ƙotarta ta sha hannun mahaifinsa. Abin da ke damunmu game da shi shi ne sau da yawa bai san abin da yake riƙe da shi ba, har tsatsa ta cinye ta a ƙarƙashin gado.

Na biyu shi ne mai son aikin hannu. Shi ba ruwansa da harbi, cikin bindigar yake so ya gani: sifirin da fistin da kunama, da 'yar fatar nan da tsofaffin bindigogi ke amfani da ita wajen tare iska, wadda in ta bushe sai a jiƙa ta da mai, in ta mutu baduku ya yanka wata. Irin wannan mutum ɗan'uwan mai gyaran agogo ne da mai gyaran keken ɗinki. Ƙasar da ke kukan rashin masu fasaha bai kamata ta raina shi ba.

Na uku shi ne mai bin tarihi. Shi zai gaya maka kamfanin BSA na birnin Bamingam a Ingila, wanda ya yi suna wajen ƙera babur, an kafa shi a 1861, ya kuma fito da bindigar iskarsa ta farko a 1905. Zai gaya maka Diana asalinta ta Jamus ce tun 1890, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injunan kamfanin zuwa Birtaniya, saboda haka akwai Diana ta Jamus, akwai ta Sikotlan, kuma wanda bai sani ba sai a sayar masa da wannan a kuɗin waccan. Zai kuma tuna maka sojojin Ostiriya sun riƙa ɗaukar bindigar iska ƙirar Girardoni zuwa fagen fama tun wajen 1780, mai cin harsashi kamar 20 a ɗuri ɗaya. Wanda ya ji wannan ba zai sake kiranta abin wasa ba.

Na huɗu shi ne gwanin bara. Burinsa kurum ya sami tsakiyar takarda. Wannan wasa ne da duniya ta yarda da shi: tun 1984 aka shigar da harbin bindigar iska daga nisan mita 10 cikin wasannin Olimfik, kuma ɗigon da ake nema a tsakiya faɗinsa rabin milimita ne tak. Sai mai natsuwa da haƙuri, wanda ya iya riƙe numfashinsa. Amma ina filin da zai koya? Bangon gidan haya a Sabon Gari, inda iyali goma ke tsakar gida ɗaya, ba wurin gwada saiti ba ne.

Na biyar shi ne ɗan kasuwa, mai saye da arha ya ajiye sai ta yi tsada. Ba mu ga laifin neman halal ba, sai dai wanda riba kaɗai ya sa gaba ba ya tambayar mai saye ko shi wane ne, ko shekarunsa nawa.

Na ƙarshe, wanda ya ɓata wa sauran suna, shi ne mai son a sani. Shi siffar bindigar yake so, ya rataya, ya ɗauki hoto da ita, ya tsorata yaran unguwa, ya harbe kurciya da hasbiya ba don yunwa ba. To, wannan shi ne maƙwabcin da ya sayi kura. Fagge da Sabon Gari ba su manta da watan Mayu na 1953 ba, ko 1966, ko watan Oktoba na 1991. A wurin da aka taɓa zubar da jini tsakanin maƙwabta, wanda ya hango baƙin ƙarfe a hannun wani da magariba ba zai tsaya tambayar ko na iska ne ko na albarushi ba. Ɗan sanda ma haka. Jita-jita kuwa ta fi harsashi sauri.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai abin da yawancin masu tarawan nan ba su sani ba, ko kuwa suka sani suka kau da kai. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska, doguwa ko gajera, a aji ɗaya da bindigar farauta, watau makaman da ba a mallaka sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Cewa wai gado ce, ko ba ta da albarushi, ba hujja ba ce a gaban alƙali. Kuma ƙwayar dalmar nan, mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5, ta isa ta tsiyayar da idon yaro, tana ma iya kisa. Asibitin ido na ECWA yana nan kusa, tun 1943 yake aiki, amma babu likitan da ke mayar da idon da ya fashe.

Saboda haka ga shawararmu. Su masu tarawa na ƙwarai, watau magaji da mai fasaha da mai tarihi da gwanin bara, su daina ɓoyo, su haɗa kai su yi ƙungiya a fili, da sanin masu unguwa da 'yan sanda, kowace bindiga a rubuta lambarta da sunan mai ita, a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, dalma kuma a ajiye ta dabam. Hukuma a nata gefen ta bayyana hanyar bin doka sarai, domin in hanya ta toshe, mutumin kirki ma ɓoyo zai koma, abin da aka ɓoye kuwa shi ne ke faɗawa hannun ɓata-gari. Hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyoyin ɗalibai su nemi fili killatacce, da malami mai lura. Magajin da ba ya iya ɗaukar nauyin abin da ya gada, ya miƙa shi ga hukuma, ko ya nemi a ajiye shi a gidan tarihi irin Gidan Makama, da sunan mahaifinsa a jiki. Wannan ya fi tsatsa daraja.

Mu da za mu zauna a ofisoshi gobe, mu ne za mu rubuta takardun da za su hukunta irin waɗannan mutane. Lalle ne mu koyi rarrabe mai sha'awa da mai ɓarna tun yanzu. Kowa yana da ikon kiwon abin da ya karɓe shi, amma mai akuya ma yana da ikon ya yi barci da ido biyu rufe. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.