A Dawo Mana da Duba-gari Kan Hanyar Falgore

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya san Kwanar Ɗangora: mota na tsayawa, masu tsire da fura da zoɓo sun kewaye ta. Haka abin yake har Tudun Wada da Doguwa, ga masu soya kifin Tiga a Bebeji. Dubban mutane ne ke ci daga waɗannan hannaye kullum, amma wa ke leƙa randar da aka ɗebo ruwan zoɓon, ko man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi? A da, jin an ce ga duba-gari nan ya isa a share gida a rufe tukunya. Bai kamata mu manta da 2021 ba, lokacin da gurɓataccen ɗan tsami ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano, wasu suka rasu. Hukumar NAFDAC ta fi ƙarfi kan kayan kwali da gwangwani. Teburin bakin titi kuwa aikin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne. Akwai kuma abin da ba ma ɗauka da muhimmanci: yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, alhali akwai yaran da gyaɗa ke tayar wa borin jini, har numfashi ya toshe. Ya kamata ciyamomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ba ma'aikatan duba-gari babura da man zirga-zirga, domin su fara da ranakun kasuwa, su koya wa mai tsire ya riƙa faɗin abin da ke cikin yajinsa.