Wutar lantarki: ba a fafe gora ranar tafiya

Kun tuna watan Agusta na 2023. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar da take sayar mana. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Injin niƙa ya tsaya, mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara ya yi asara. Sai cikin 2024 aka maido da ita. Wannan ya nuna mana haɗarin dogaro da hanya ɗaya.

Kafin wuta ta iso gidanku, ayyuka uku ake yi. Na farko, a samar da ita a tasha. Na biyu, a ɗauke ta a manyan wayoyi zuwa garuruwa. Na uku, a raba ta unguwa-unguwa. Idan aka gina tasha babu waya, kamar an haƙa rijiya ne babu guga.

Nijar tana da abin samar da wuta. SONICHAR tana ƙona gawayin ƙasa a Anu Araren, cikin jihar Agadez. A 2018 an buɗe tashar hasken rana ta megawat 7 a Malbaza, cikin jihar Tawa. A 2023 an ƙara ta megawat 30 a Goru Banda, kusa da Yamai.

Amma babban aiki yana cin shekaru. Madatsar ruwa ta Kandaji, a kan kogin Kwara cikin jihar Tilaberi, an shirya ta don ta ba da megawat 130. An aza tubalinta na farko a 2008, an sake tayar da aikin a 2019, har yanzu ba a gama ba. Yaron da aka haifa ranar aza tubalin ya zama saurayi. Saboda haka wutar da ƴaƴanku za su yi sana'a da ita, yau ake tsara ta.

Gwamnati ta sa burin kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na jama'a kafin 2035. Yanzu kusan mutum 1 cikin 5 ne ke samu, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Tafiyar tana da nisa.

Ku ma kuna da naku aiki. Ku je wurin hukumar garinku ku tambaya ko garinku yana cikin tsarin kai wuta, kuma a wace shekara. Kada ku yi gini ƙarƙashin manyan wayoyi. Ku kai rahoton masu satar waya. Wanda ke da wuta ya biya kuɗinta a kan lokaci, domin da wannan kuɗin ake gyara, ake kuma ja waya zuwa ƙauyen da ke jira.