Ra'ayinmu: Tokar Kwal Ba Tokar Murhu Ba Ce

A Dogon Dawa, kamar sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, ba a ɗaukar toka a matsayin shara. Uwargida na tace ta don ta sami ruwan tokar miya, manomi na cuɗa ta da wake kafin ya adana don gudun ƙwari, abin da ya rage kuma a kai juji ya zama taki. Wanda ya tashi a irin wannan gida ba ya tsoron toka, kuma yana da hujja, tunda ta kara da ta itace ya sani. Amma akwai wata da ke kama da ita a ido, halinsu kuwa ya sha bamban, wato tokar da ke fitowa daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal. Idan kwal ya ƙone, dalma da asinik da sauran ƙarafa masu guba da ke jikinsa sukan taru a cikin tokar. Tashoshi da yawa a duniya ruwa suke kwaɓa ta da shi, su tura ta cikin manyan kududdufai, ta yi shekara arba'in ko hamsin tana kwance. Ranar da aka kashe injin tashar, kududdufin na nan.

Babu tashar kwal a Birnin Gwari. Shiroro da Zungeru da ke maƙwabtaka da ƙarfin ruwa suke aiki. Duk da haka kwal bai yi mana nisa ba. A Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, kamfanin SONICHAR na ƙona kwal mai yawan toka tun farkon shekarun 1980 don bai wa ma'adinan yuraniyam da biranen arewacin Nijar wuta, tokar kuma ta zama tsauni a gefen tashar. An daɗe ana maganar gina wata a Salkadamna cikin jihar Tawa. A Najeriya, tashar Oji River da aka buɗe a 1956 da kwal ɗin Inugu ta daɗe da mutuwa, ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gombe don masana'antar siminti ta Ashaka, kuma duk lokacin da wuta ta yi ƙaranci sai an sami mai cewa a koma wa kwal. Saboda haka muhawarar da ake yi a wasu ƙasashe kan yadda za a rufe waɗannan kududdufai tana tafe gare mu.

Ɓangare na farko na cewa a bar tokar inda take. A tsotse ruwan, a daddale ta, a lulluɓe da leda mai kauri da yumɓu, a zuba ƙasa a shuka ciyawa, sannan a haƙa rijiyoyin gwaji a kewaye ana duba ruwan ƙasa. Hujjarsu ba ta raini ba ce. Ya fi araha, ya fi sauri, kuma tonon miliyoyin tan na toka na nufin ƙura a huhun ma'aikata da jerin manyan motoci suna ratsa ƙauyuka shekara da shekaru. Suna kuma tambaya: idan an kwashe, ƙofar wa za a kai? Bayan da bangon kududdufin tashar Kingston a jihar Tenesi ta Amurka ya fashe ranar 22 ga Disamba 2008, ya malalo da taɓon toka sama da kubik mita miliyan 4 cikin gidaje da koguna, jiragen ƙasa ne suka yi ta jigilar ta zuwa wata gundumar talakawa, akasarinsu baƙaƙen fata, a jihar Alabama. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin kwasar sun kamu da cututtuka, wasu sun mutu, iyalansu suka yi shekaru a kotu. Kusa da mu ma, hanyar lulluɓewa aka zaɓa wa tarin dusar yuraniyam kimanin tan miliyan 20 da ma'adinin COMINAK ya bari a Akokan ta Nijar bayan rufe shi a 2021.

Ɓangare na biyu na cewa murfi saman tukunya kawai yake tsarewa. Tsofaffin kududdufai galibi ba a shimfiɗa musu komai a ƙasa ba, kuma an gina su a bakin kogi saboda tashar na buƙatar ruwa. Idan gindin tokar na jiƙe da ruwan ƙasa, guba za ta ci gaba da tsiyaya cikin rijiyoyi ko da an shafe saman da kankare. Bayan tan 39,000 na tokar kamfanin Duke Energy sun kwarara cikin kogin Dan na Amurka a 2014, jihar Karolina ta Arewa ta matsa wa kamfanin har ya amince, a farkon 2020, zai tono kusan tan miliyan 80. Waɗannan mutane na ƙarawa da cewa tokar dukiya ce. Mai laushin da ake tarewa daga hayaƙi na iya maye gurbin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na siminti a kwaɓin kankare, ta ƙara masa ƙarko, gubar kuma ta ɗaure a ciki. Indiya ta wajabta amfani da ita wajen buga bulo tun 1999. Masu bincike a cibiyar 2iE da ke Wagadugu sun gwada buga bulo da tokar SONICHAR kanta. A ƙasar da farashin buhun siminti ya hana talaka ɗora rufi, wannan magana na da daɗin ji.

Daɗin jin nata ne ma ya sa muke taka-tsantsan. Toka kaya ce mai nauyi mara tsada, kuɗin mota kan cinye ribarta. Tsakanin Cirozerin da masana'antar siminti ta Malbaza akwai ɗaruruwan kilomita. Wadda ta daɗe a ruwa sai an busar an tace kafin ta yi amfani. Babban abin tsoron kuwa shi ne abin da kalmar "sake amfani" za ta koma a hannunmu. Inda ba a gwaji, tifa ce za ta riƙa sayar da ita a matsayin cikon fili, a zuba a harabar makaranta da kan hanya, manomi kuma ya ɗebe ta ya watsa a gonar masara yana zaton taki ya samu, tunda abin da ya sani game da toka ke nan. Tokar da ke ɗaure cikin kankare daban, wadda iskar hunturu ke kwasa daban.

Mun riga mun ga abin da ƙura mai dalma ke yi. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. A 2015 aka sake yi a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, iyaka da Birnin Gwari, yara 28 suka rasu. A duka wuraren biyu ba lulluɓe gubar aka yi a tsakar gida ba: kankare ƙasar aka yi, aka kai ta ramin da aka tanada, aka zubo sabuwa, sannan maganin likitoci ya yi tasiri. Kududdufan kuza na Jos kuma na nan suna cin rayuka, kamfanonin da suka haƙa su sun daɗe da tafiya.

Matsayinmu shi ne: duk tarin tokar da ke taɓa ruwan ƙasa, ko yake bakin kogi ko kusa da rijiyoyin jama'a, a tono shi a mayar ramin da aka shimfiɗe, komai tsada, kuma kada a kai shi ƙofar waɗanda ba su da bakin magana. Wanda ke kan busasshen tudu nesa da ruwa, kamar yadda ake iya samu a hamada, lulluɓewa ta wadatar, muddin ana gwajin ruwa ana kuma bayyana sakamakon ga mutanen wurin cikin harshensu. A sayar da toka ga masu siminti da masu bulo kaɗai, bayan gwaji, a haramta ta a gona da cikon fili.

Duk wannan kuɗi yake ci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki, hukumar kare muhalli ta NESREA ma a shekarar aka kafa ta. Muna kira da a ɗora irin wannan sharaɗi a kan kowace tashar kwal kafin a kunna ta, kuɗin kuma ya zauna inda rushewar kamfani ba za ta taɓa shi ba. Gwamnatin Kaduna na da wurin fara gwada wannan tun yanzu. Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, masu neman zinariya sun ƙara samun hanyar shiga dajin. Kowane rami da kowane wurin wanke ƙasa zai bar tarinsa a gefen rafin da shanu da mutane ke sha, don haka a rubuta sunan mai cike shi tun ranar da aka ba shi izinin haƙa.