Gasar Waƙa Duk Wata, Ba Sai Shekara Ta Zagayo Ba

Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ta rasa fasihai ba. Abin da rubutacciyar waƙa ta rasa a Zamfara shi ne fagen gwaji. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta soma a 2016 ta fito da marubuta mata da dama, amma ta gajerun labarai ce, kuma sau ɗaya a shekara. Ɗalibin Tsafe da ya tsara baitoci goma yau, wa zai nuna masa inda karinsa ya karye, ko inda amsa-amo ya kuɓuce masa?

Shawarata ga malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau ita ce su buɗe gasar wata-wata, a kan jigo ɗaya tak: ruwa. Ba mu da teku, amma gulbin Sakkwato ya ratsa Gusau ya bi ta Bunguɗu. Ga 'yan garuwa, ga rafin da tsoron 'yan bindiga ya hana mata zuwa ɗiba.

Kyauta kuwa, ko littafi ɗaya ya isa. Sharaɗin da ba zan sassauta ba shi ne alƙalai su rubuta dalilin hukuncinsu, a miƙa wa kowane ɗan takara nasa, musamman wanda bai ci ba.