Jami'o'in Nijar: shekarar karatu da ba ta san ranar ƙarewarta ba

Da ƙanena ya zo gida hutun damina, Inna ta tambaye shi, "Wai kai Auta, aji nawa kake yanzu?" Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Inna, a takarda ina shekara ta biyu, amma a kalanda wannan ce ta huɗu." Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Yana ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na ƙasar nan, yana neman lisans ɗin da tsarin LMD ya ce shekara uku ake yi. Ni da na bi ta makarantar horon malamai, na shiga na fita a lokacin da aka ɗibar mana, sai da na daɗe kafin in gane abin da yake nufi.

In ana zancen wahalar ɗalibai, abin da ake fara lissafawa sananne ne: ɗakin mutum biyu da mutum shida ke kwana ciki, layin abinci, bas ɗin da ba ta isa, da kuɗin alawus da ke makara wata da watanni. Duk gaskiya ne. Amma a ganina ciwon da ya fi cin ɗalibi shi ne lokaci, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa, don ba a iya ɗaukar hotonsa a watsa a Facebook.

Ga yadda abin ke faruwa. Malamai su tafi yajin aiki, kamar yadda ƙungiyar SNECS ta yi ta yi a 2018 da 2019 kan batun ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a riƙa yi ko gwamnati ce za ta naɗa su. Su dawo, ɗalibai kuma su ƙaurace wa azuzuwa saboda bashin alawus. Zangon da ya kamata a kammala a Fabarairu sai ya kai Yuni. Kafin a gama gyaran takardun jarrabawa, sabbin masu bak sun iso bakin ƙofa, alhali 'yan bara ba su tashi daga kujerun ba. Shekara ta hau kan shekara ke nan, kuma da zarar ta hau, ko da an shekara ba yajin aiki ba ta sauka da kanta.

Ba laifin yajin aiki kaɗai ba ne. Shekaru da dama Jami'ar Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970 aka kuma sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. A 2010 aka buɗe na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Abu ne mai kyau, ba na musu. Sai dai gini ya fi malami saurin samuwa. Shi ya sa malami ɗaya zai taso daga wata jami'a, ya zo ya zuba darasin zango guda cikin mako ɗaya ko biyu, safe da yamma, ya hau mota ya koma. Ni da ke koyar da yara na san cewa ko tulu aka ɗura wa ruwa da gaggawa, rabi a ƙasa yake zubewa. Kafin malamin ya samu zuwa kuma, aji na zaune yana jira.

To wa ke biyan kuɗin wannan jira? Ɗan mai hali ba ya jira. Ana kai shi makaranta mai zaman kanta a Yamai, ko a tura shi Maroko ko Turkiyya, ya dawo da takardarsa sa'o'insa na nan suna jiran sakamakon zango na huɗu. Wanda ya rage shi ne ɗan manomi da aka sayar da akuya aka yi masa kuɗin mota. Kowane wata da aka ƙara, kuɗin haya ne da na abinci da ba a yi lissafinsu ba. A gidanmu, daga ɗan albashina suke fita. Bayan ya gama, ga hidimar ƙasa ta shekara biyu na jiran sa, ga jarrabawar shiga aikin gwamnati mai iyakar shekaru. 'Yan mata kuwa nasu ya fi tsanani. Na san ɗalibata guda, haziƙa ce ƙwarai, da iyayenta suka yi mata haƙurin shekara uku. Da aka shiga ta biyar, mahaifinta ya ce shi bai san karatun da ba ya ƙarewa ba, aka ɗaura mata aure. Ban iya ce masa komai ba, don ni ma ba ni da ranar da zan ba shi.

Ɗaliban ƙasar nan suna da tarihin gwagwarmaya da ba mai raina shi. Ranar 9 ga Fabarairun 1990 an kashe uku daga cikinsu a gadar Kennedy, abin da ya taimaka wajen kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Ranar 10 ga Afrilun 2017 wani ɗalibi ya rasa ransa a zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu, aka rufe harabar jami'a, daga baya aka sauya wa ministan wurin aiki. Amma a duba abin da aka saba sasantawa a kai in an zauna teburi: a biya wani kaso na alawus, a ƙaro bas, a buɗe gidan abinci. Kwanakin da suka salwanta ba mai maido su. Nan ina ganin USN ma da nata laifi, domin duk yajin kwana uku da ta kira, daga aljihun ɗan talakan da take karewa yake fita.

Abin da nake so in gani ba ya buƙatar sabon gini. Kowace tsangaya ta manna ranar fara zango, ranar jarrabawa da ranar fitar sakamako, a kuma san wanda za a tuhuma in an saɓa. A daidaita ranar biyan alawus yadda ake yi wa albashi. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma wasunsu na gabana kowace safiya suna ce mini, "Mushe, ni likita zan zama."

Auta ya koma makon jiya. Na tambaye shi a tasha yaushe za su fara darasi, ya ce an ce su dai zo.