Sawu a ƙasarmu, karatunsa a ƙasar wasu

Duk wanda ya taso a Maje ko wani ƙauye na gefen Suleja ya san karatun sawu tun kafin ya san baƙi da wasali. Idan ruwa ya ɗauke da asuba, yara kan duƙa a kan laka su ce nan zabuwa ta bi, nan kuma maciji ya ja ciki. Mafarauci kuwa har nauyin dabbar da saurinta yakan faɗa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, wannan karatu fanni ne a jami'o'in duniya. Masanansa suna nazarin sawu da ramuka da kashin dabbobin da suka zama dutse shekaru miliyoyi da suka wuce, kuma tun 1990 suke da mujallarsu mai suna Ichnos, wadda kamfanin Taylor & Francis na Ingila ke bugawa.

A Maje kanta ba za a sami irin wannan sawu ba. Duwatsun yankin, har da Dutsen Zuma, daga narkakken dutse suka daskare, kuma wuta ba ta barin sawu. Amma in ka kama hanyar Lambata ka nufi Agaie da Bida, ƙasa takan sauya zuwa dutsen yashi da ya kwanta kimanin shekaru miliyan 70 da suka shige. A kudancin wannan kwari, wajen Lokoja, masana sun ba da rahoton ramukan da ake kira Ophiomorpha, waɗanda wasu halittu dangin jatan lande suka haƙa. Wanda ya ga irin wannan rami ya san gaɓar teku ta taɓa zuwa wurin. Mai neman man fetur kuwa abin da yake son sani ke nan: ina yashi ya kwanta, ina laka ta rufe shi. Ga gwamnati na ta maganar mai a kwarin Bida, don haka ba za a ce batun nishaɗin malamai ba ne.

Ra'ayina shi ne, cikin fannonin kimiyyar ƙasa babu wanda ya fi wannan dacewa da aljihunmu. Ido yake so, da ma'auni, da kyamara, da haƙuri. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen bugawa. Manyan mujallu iri biyu ne. Akwai waɗanda mai karatu ke biya, ɗalibi a Minna ko Lapai ya ga kan magana da ɗan taƙaitawa, sauran a kulle sai da dala. Akwai waɗanda marubuci ke biya, sau da yawa fiye da dala dubu ɗaya, abin da ya ninka albashin malamin jami'a na wata. Da ƙofofin biyu suka yi masa nauyi, ga kuma ƙarin girma ya rataya a kan yawan maƙalu, sai malamin ya kai aikinsa ga mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba. A aikin gyaran rubutu na san abin da ke faruwa ga labarin da ba wanda ya duba: kuskuren cikinsa yakan yi ta yawo. A wannan fanni ma abin ya fi muni, domin hoto ɗaya marar ma'auni a gefensa ya isa ya sa a ba rami sunan da ba nasa ba.

Wani bincike da mujallar Nature Ecology & Evolution ta buga a 2022 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na bayanan burbushin halittu da ke babbar ma'ajiyar fannin daga masu bincike na ƙasashe masu hali suka fito. Mu ba baƙi ba ne ga wannan. Dodon tekun nan Goronyosaurus sunan Goronyo ta jihar Sakkwato yake ɗauke da shi, amma masanan Italiya ne suka raɗa masa a 1972. Mutum nawa ne a Goronyo suka taɓa jin labarinsa?

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata hanya. A 2011 mujallar PLoS ONE ta buga bayanin sawun wata dabba mai yatsu biyu daga dangin dainaso, wanda aka gano a yankin Agadas, aka sa masa suna Paravipus. Cikin marubutan akwai Jamusawa, akwai kuma Oumarou Idé da Abdoulaye Maga na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Har yau duk mai waya da ɗan data zai iya karanta maƙalar kyauta, da hotunanta da taswirarta. Sai dai da Turanci take, yaren da yawancin mutanen Agadas ba sa ji.

Za a ce mini ƙasar da ɗalibanta ke zaune a ƙasa ba ta da lokacin sawun dabbobin da suka mutu. Na ji. Amma ba sabon kuɗi nake nema ba. Asusun TETFund ya riga yana ba da tallafin bincike da na buga mujallu. Abin da ya rage shi ne sharaɗi: duk aikin da aka yi da kuɗin jama'a a ajiye kwafinsa a buɗe a intanet, a kuma haɗa masa shafi guda cikin harshen mutanen da aka yi aikin a gonakinsu, Hausa ko Nufanci ko Gwari. Ƙungiyar masana ma'adinai da kimiyyar ƙasa ta Najeriya tana da tata mujallar, Journal of Mining and Geology. Kwamitocin ƙarin girma su daraja maƙala guda da aka tantance a cikinta fiye da biyar na bogi. Kada kuma a manta, Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya yi nazarin duwatsun Sakkwato ya kuma koyar a Zariya, shi ne editan farko na Journal of African Earth Sciences a 1983. Yau mujallar tana hannun kamfanin Elsevier, kuma ɗalibin Zariya da laburarensa bai biya ba sai ya roƙi wani a ƙasar waje ya turo masa.