Matse Mai Ba Gyara Ba Ne

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Daga nan magana ɗaya ce a bakin duk mai tsohon babur da ya shiga gareji: "Oga, mashin ɗin nan shan mai yake yi, don Allah a matse min shi." Ban ga laifin talaka ba don ya yi wannan kuka. Malamin firamare ne mai zuwa makarantar ƙauye a kan Jincheng, manomi ne mai kai buhu kasuwa a kan Boxer, aljihunsa ne ke yi masa ciwo. Wanda nake ganin laifinsa shi ne bakaniken da ya ji wannan magana, bai tambayi komai ba, bai duba komai ba, ya ɗauki sukundireba ya shaƙe injin, ya miƙa hannu ya karɓi kuɗi. Kai bakanike mai wannan hali, da kai nake, kuma abin da kake yi ha'inci ne.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji ya ga yadda ake yi. Yaro ya kwance kafireto ya ajiye a ƙasa, kan turɓayar da ta sha baƙin mai. A jawo gindin jarka da aka yanke, da ragowar fetur ɗin da aka wanke sarƙa da shi tun safe, a juye kayan cikin kafireton a ciki a dama. Sai oga ya zaro silin waya guda daga tsohon kebul ɗin kuloci, ya soka a ramin jet, ya murza, ya sake murzawa, ya sa baki ya hura. Ya lanƙwasa harshen fulot da ɗan yatsa bisa kirdado, ya sauke allurar totur ƙasa, ya ɗaure. Wani ma da gangan yake barin silin wayar a cikin jet ɗin don ya toshe rabin hanya. A yi ta buga kik har mashin ya tashi da ƙyar, a ja totur sai unguwa ta amsa, a ce, "Alhaji, an gama. Yanzu ƙanshin mai kawai zai riƙa ji." Ba a buɗe tanki an leƙa ba, ba a taɓa soson iska ba, ko fulogi ba a kwance an kalli bakinsa ba.

Kafireto ma'auni ne, kuma ka fi ni sanin haka. Aikinsa ya gauraya iska da fetur daidai gwargwado, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Ramin silo jet na ƙaramin babur bai kai rabin milimita ba, na babban jet kuwa yana wajen milimita ɗaya, kuma da tagulla mai laushi aka yi su. Wayar kebul ta fi tagulla tauri nesa ba kusa ba. Kana murza ta a ciki kana kankare bangon ramin, ramin da ya buɗe kuwa ba ya komawa. Lambar da kamfani ya buga a jikin jet ɗin ta tashi a banza ke nan. Da hannunka ka ƙara wa mashin shan mai, sannan ka zagaya ta wani gefen ka shaƙe shi don ɓarnar ta ɓuya. Jet da ya toshe jiƙa shi ake yi a fetur mai tsabta ko man wanke kafireto na gwangwani, a hure shi da iskar famfo, a ɗaga shi sama a ga haske ya fito ta rami zagaye. In ya riga ya lalace, a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Wannan aikin minti nawa ne?

Babura irin su Jincheng da Boxer ba su da lagireto. Iskar hanya ce ke sanyaya injinsu, man da ke shiga silinda shi ma yana ɗauke wani kaso na zafin. Idan ka rage man ka bar iskar yadda take, kan silinda da bawul da fistin duk sai su ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsu. Ka tuna kuma a ina za a hau mashin ɗin. A watan Afrilu zafi a Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40, ga mutum ya ɗora buhun masara, ga iyalinsa a baya, ga yashi. Injin ba ya ɓoye wahalarsa. Da safe ba ya tashi sai an ja cok. A ba shi wuta ya yi shiru kamar zai mutu kafin ya amsa. A saki totur salansa ta riƙa fat-fat. Wuyan salansar ya yi shuɗi. A kwance fulogi a tarar bakinsa fari fat, alhali fulogin injin mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. Ba a daɗewa bawul ya ƙone, ringi ya saki, wani lokaci fistin ya kama a tsakiyar hanya. Mai mashin ya turo shi da gumi ya dawo wurinka, ka girgiza kai ka ce, "Ai injin ya buga, sai an sauke." Kai ka kashe, kai kuma za ka ci kuɗin tayarwa.

Abin baƙin cikin, ko man da aka ce an rage masa sau da yawa bai ragu ba. Injin da aka shaƙe ba shi da ƙarfi, don haka mai shi yana murɗa totur fiye da da, yana daɗewa a ƙaramar giya kafin mashin ya miƙe. Abin da aka hana ta ƙofa ya fita ta taga.

To ina man yake tafiya? Da ka bi hanyarsa daga sama zuwa ƙasa da ka gani. Tsohon tanki ba ya rasa tsatsa, musamman na talakan da ke sayen lita ɗaya-ɗaya, wanda rabin tankinsa kullum iska ce mai laima. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka can ƙasan tanki yake kwanciya tare da garin tsatsar. Rizab kuwa daga ƙasan tanki yake ja. Mutumin da rayuwarsa duk a kan rizab take, kullum daga cikin wannan laka yake shayar da injinsa. Gwada wannan ba ya cin ko kwabo. A ƙasan kofin kafireto akwai ɗan sukurun zubarwa. Ka tara farar roba ta ruwan sha, ka sassauta shi, ka ajiye robar minti biyu. Za ka ga ruwa ya dunƙule a gindi, fetur yana samansa, ga jan gari ya kwanta. Ka nuna wa mai mashin da idonsa. Wanda ya ga wannan ba zai yi maka gardama ba idan ka ce sai an sauke tanki an wanke, an buɗe makullin mai an wanke 'yar ragar da ke cikinsa.

Wannan jan garin shi ke maƙalewa a bakin allurar fulot, wadda ita ce ke rufe mai idan kofi ya cika. Bakinta roba ce, da tsufa takan yi zobe ta daina rufewa. Daga nan fetur sai ya riƙa tsiyaya ta tiyon ambaliya, mashin yana ajiye a zaure mai shi yana barci. Ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa ɗigo 86,400 ne a kwana guda, ya fi lita. Wanda bai zuba ƙasa ba yana iya gangarawa cikin silinda, ya bi ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai, injin ya riƙa cin kansa. Da ka zaro ma'aunin baƙin mai ka kai hanci da ka ji warin fetur. 'Yar allurar nan kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma ba za ka canza ta ba, ba kuma za ka gaya wa mutum ya riƙa rufe makullin mai idan ya ajiye mashin ba, sai dai ka lanƙwasa fulot ka sallame shi.

Soson iska kuwa, a nan sakacinku ya fi ba ni haushi. Ƙurar hunturu ta toshe shi ya zama fata, iska ta kasa shiga, injin ya koma tamkar an bar shi a cok dare da rana, yana baƙin hayaƙi, fulogi yana kama baƙi. Wannan yana cikin manyan dalilan shan mai a ƙasarmu, kuma maganinsa wanki ne da shanya da ɗan mai kaɗan a shafa. Maimakon haka sai na ga an cire soson an jefar, ko an huda shi da sukundireba, wai don mashin ya yi numfashi. Ƙurar da soson zai tare ta wuce kai tsaye ta goge ringi da bangon silinda. A shekarar 1975 kamfanin Honda ya fito da CG125 musamman saboda ƙasashe masu ƙura da lodi da ƙarancin kulawa, ya sa masa soson da ake wankewa a mayar, kuma babura da yawa na China da ke kan titunanmu a kan wannan injin aka kwaikwayi nasu. Waɗanda suka ƙera shi sun sauƙaƙa aikin iyakar sauƙaƙawa. Wankin soso ne kawai suka bar muku, shi ma kun kasa.

Haka 'yar filtar da ke tsakanin tanki da kafireto. Ta toshe, maimakon a sa sabuwa sai a cire ta a haɗa tiyo kai tsaye. A ƙasar da masu babura da yawa a wurin 'yan bumburutu suke shan mai, daga jarkar da ta kwana a rana da mazurarin da ya kwana a ƙasa, wa zai cire filta in yana tsoron Allah? Ko man gidan mai ba kullum yake da tabbas ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana cin roba da fakin. Akwai kuma abubuwan da ba su da alaƙa da kafireto sam: taya mara iska, birki mai kamawa, sarƙar da aka ɗaure tamau. Kowannensu yana shan mai, kowannensu ana gano shi da tura mashin taku biyar.

Ban manta da gangancin da ke taɓa rai ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a sa shi ya zuƙi fetur da baki ta tiyo. In ya sarƙe ya shiga huhu, ciwo ne mai kai mutum asibiti, wani lokaci kabari. Tanki yana yoyo a liƙe da sabulu ko cingam, a ce a je a dawo. In an tashi walda kuma, a juye man kawai a kai wa mai walda, alhali tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ɗin da ya rage a ciki shi ke fashewa. A sa tiyon ruwa a madadin tiyon mai, ya bushe ya tsage a saman injin mai zafi, tsakanin cinyoyin mutum. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ga mai shayi da murhunsa a gefen rumfa, ga wani da sigari a baki yana riƙe da kofin kafireto.

Na san amsar da za ka ba ni: "Shi ya ce a matse, kuma ba ya son kashe kuɗi. In ban yi ba, na gaba zai yi." Gaskiya ne akwai mai mashin da in ka ce a sayi filta zai ce kana so ka cuce shi. Amma shi bai san cikin kafireto ba, shi ya sa ya zo wurinka. Ciwo ya kawo maka, ba magani ba. Haƙƙinsa a kanka ka duba, ka nuna masa, ka gaya masa abin da zai biyo baya. In ya ji ya ce duk da haka a shaƙe, ka ce masa ba da hannunka ba. Za ka rasa kuɗin aiki ɗaya. Masu gyaran kirki suna nan a Panteka ta Kaduna da lungunan Kano da Zariya da Maraɗi, kuma ana saninsu ne da irin wannan ƙin, har mutane su tsallake gareji biyar su je layinsu. Sannan ka dubi yaran da iyayensu suka damƙa maka amana. Abin da suka ga hannunka yana yi shi za su ɗauka sana'a, su je su buɗe nasu garejin, su koya wa wasu.

Kai kuma mai babur, ka daina shiga gareji da umarnin a matse. Ka ce mashin yana shan mai, a duba maka dalili. Ka tsaya a wurin. Ka ce a nuna maka fulogi, a nuna maka soson iska, a zubo maka man kofin kafireto a farar roba ka gani. In ka ga an nufi jet ɗinka da waya, ka ce a mayar maka da kayanka yadda suke, ka tura mashin ɗinka ka yi gaba.